Madubin Saitin Bindiga a Amurka: Farashi, Inganci da Garanti

Assalamu alaikum, Yaya. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali da dukkan 'yan uwa na Agege, wannan amsa ce ga saƙon da ka aiko a madadin abokinka maharbin nan mai shiga dazukan jihar Ogun da rani, wanda yake son sanin kuɗin madubin saitin da ake ɗaurawa a kan bindiga, da irin wanda ya dace da mai ƙaramin ƙarfi, da kuma ko zan iya aiko masa da shi daga nan Amurka.

A nan jihar Texas malamin makaranta da direban babbar mota duk suna farauta, kuma hukuma ce take yanka mata lokaci. Ana buɗe farautar barewa da bindiga a Asabar ɗin farko ta Nuwamba, lasisin mazaunin jiha dala 25 ne, sannan duk wanda aka haifa daga 2 ga Satumba 1971 zuwa yau sai ya yi kwas na ƙa'idojin farauta. Shi ya sa kayanta suke a fili a manyan shaguna irin su Academy da Bass Pro Shops, kowanne da farashinsa manne a jiki, babu tayi babu ragi, kuma a Houston ana ƙara harajin kashi 8.25 cikin ɗari a wurin biya.

Ana samun madubi na dala 40 a intanet, ana kuma samun wanda ya haura dala 2,000. Mai ƙaramin ƙarfi ya tsaya a tsakani: Bushnell Banner bai cika wuce dala 100 ba, Vortex Crossfire II yana wajajen dala 150, shi kuwa Leupold VX-Freedom, wanda ake haɗawa a jihar Oregon, yakan kai dala 300. Dukkansu ana samunsu a samfurin da ake rubuta wa 3-9x40, wato yana kusanto da abu ninki uku zuwa ninki tara, kuma faɗin gilashin gabansa milimita 40 ne. A ganina wannan ya ishi duk mai farautar nama, domin yawancin harbi a daji ba ya wuce mita 150. Madubin araha da aka rubuta wa 6-24x50, aka sa masa fitila ja da kore a ciki, shi ne ya fi ɗaukar idon sabon shiga, alhali kuɗin da ya kamata a kashe a kan gilashi ne aka kashe a kan ƙyale-ƙyale. Araha ba ta ado, kuma a wannan kaya gaskiyar maganar takan fito ne da magariba.

Wani dattijo mai jiran shago ne ya nuna mini haka. Ya miƙo mini madubi biyu, ya ce kada in kalli inda fitilu suke, in auna wani lungu mai duhu can ƙarshen shagon inda aka jera kwalaye. A cikin na arahar, tsakiya ce kawai take fita tar, gefe-gefen ya yi dishi-dishi, kuma da na murɗa shi zuwa ninki mafi girma sai duhu ya rufe shi. A cikin ɗayan kuwa na karanta rubutun jikin kwali har bakin da'irar. Dabba da asuba da almuru take fitowa kiwo, saboda haka madubin da ba ya tara haske a waɗannan lokuta bai yi aikin da aka saye shi dominsa ba.

Akwai kuma tazarar da ke tsakanin ido da madubi, wadda ya kamata ta kai santimita 9 zuwa 10. Na ga wani saurayi a filin gwajin harbi wanda bindigarsa ta yi baya, bakin madubin ya tsaga masa gira, jini ya wanke masa fuska, saboda tazarar nasa gajeriya ce har sai da ya manna ido. Zobban da suke riƙe madubi a kan bindiga su ma kada a raina su. Gara a ware musu dala 30 ko 40 daga cikin kuɗin, domin idan suka yi sako-sako, saiti zai riƙa gocewa bayan kowane harbi, ko da madubin na miliyan ne.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne garanti. Kamfanin Vortex ya yi alkawarin gyara ko musanya madubinsa muddin yana nan, ba tare da neman rasit ba, ko da a hannun wani ka saye shi, ko da kai ne ka yar da shi ya fashe, in dai ba da gangan ba. Leupold ma yana da garantin da ba ya ƙarewa. Wannan ne ya sa na hannu yake da daraja a nan, kuma mai haƙuri da ya jira rangwamen ƙarshen Nuwamba yakan sami sabo da sauƙi. Ka san yadda ciniki yake a wajenmu: a Alaba ko Idumota garantinka shi ne sanayyar da ke tsakaninka da mai shago, idan babu ita, kaya sun bar hannunsa ke nan. Sai dai ban yarda a ce komai na nan ya fi ba. A Legas mai gyara zai kwance abu ya tayar da shi da kuɗi kaɗan, kuma kana iya taya kaya har ku daidaita, amma a nan ladan mai gyara yakan fi kuɗin ƙaramin madubi, don haka wanda ba shi da garanti bola ake kai shi.

Game da batun aikowa kuwa, Yaya, ina roƙon ka ba shi haƙuri. Dokar Amurka ba ta yarda a fitar da madubin bindiga zuwa Najeriya ba sai da izinin Ma'aikatar Kasuwanci, ko da a cikin jakar matafiyi ne. A gida ma shigo da irin wannan kaya yana buƙatar takardar amincewa daga ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro, ga kuma Dokar Makamai ta 1959 da ta ɗora wa kowace bindiga lasisi. Ba zan jefa kaina ko wani ɗan uwa mai tahowa cikin hannun kwastan a filin jirgin Murtala Muhammed ba. Bayan haka, ka ce bindigarsa mai baki biyu ce, wadda take watsa ƙananan harsasai da ƙarfinsu ba ya wuce kimanin mita 40, kuma irin wannan madubi ba zai ƙara mata komai ba, sai ma ya rage masa saurin bin dabba da ido.

Idan abin da yake nema shi ne ya hango nama tun daga nesa, madubin hangen nesa na hannu mai lamba 8x42 ya fi masa amfani, kuma ana samunsa a shagunan kayan kyamara a nan Legas ɗinku. Ya je da yamma, ya auna wuri mai duhu kamar yadda na bayyana, ya duba gefe-gefen gilashin, sannan ya sa mai shago ya rubuta masa sharaɗin musanya a jikin rasit kafin ya biya. A gaida Hajiya da yara.