Tsibirin Misali na Pemba: wahalar zuwansa ta biya

Wanda ya je Zanzibar ya zaga Stone Town, ya sha iska a bakin tekun Nungwi ya juyo gida, ya ga wuri mai kyau, amma da sauransa. Inda ya fi kwanta mini a rai shi ne Misali, wani ɗan tsibiri da ke yamma da Pemba, tsibiri na biyu a girma a Zanzibar ta ƙasar Tanzaniya, kimanin kilomita 10 daga garin Chake Chake, wanda girmansa bai cika murabba'in kilomita ɗaya ba. Ba gari a kansa, ba otal, ba shago. Daga ma'aikatan da ke gadinsa sai masunta da kan kafa bukkoki na ɗan lokaci idan sun zo su. Wani ƙaramin kamfanin yawon buɗe ido na Chake Chake ne ya kai mu, tafiyar wuni guda, kuma kuɗina bai tafi a banza ba, duk da cewa akwai inda kamfanin ya gaza.

Kafin a kai Misali sai an fara isa Pemba. Daga Unguja, babban tsibirin Zanzibar, ƙaramin jirgin sama kan yi kusan rabin awa, ga kuma jirgin ruwa da ke sauke fasinja a Mkoani. Pemba ƙasa ce mai tuddai da lambuna, kusan duk mutanenta Musulmi ne. Mun dace da kakar kanumfari, an shanya shi a kan tabarmi a gefen titi, wani kore, wani ya fara ja, wani ya riga ya yi baƙi. Abin da muke jefa ƙwaya uku a shayi ko zoɓo, nan buhu-buhu ake auna shi, ƙamshinsa har cikin mota.

Daga mashigar Wesha ake hawa jirgi. Lokacin tashi kuwa ba a hannun fasinja yake ba, ba kuma a hannun kamfani ba. Teku kan janye ta dawo sau biyu a kwana guda, idan ta janye mashigar sai taɓo da saiwoyin itatuwan da ke tsiro cikin ruwan gishiri. Direban jirginmu, wani dattijo da suke kira nahoda, ya dubi ruwa ya ce a dakata, aka dakata. Wannan dattijo shi ne mafi alherin abin da kamfanin ya ba mu. Ba shi da yawan magana, ba ya gudu da inji, kuma duk sanda za mu gifta kusa da kwalekwalen masunta sai ya sassauta don kada ya dama musu ruwa. Awa guda da 'yan mintuna muka yi kafin farin rairayin Misali ya bayyana.

Ruwan wurin garau yake, daga cikin jirgi kana hango ƙasansa. Ba sai ka iya nutso ba. Ana ba ka tabarau na ruwa da ɗan bututun numfashi, ka sa rigar da ke hana nitsewa, ka kwanta rub da ciki a saman ruwa ka kalli ƙasa. Taku kaɗan daga gaɓa murjani ya fara. Ba dutse ba ne zalla, ƙananan halittu ne masu rai ke gina shi sannu a hankali, kamar yadda gara ke gina suri, sai dai nasu ginin kan ɗauki shekaru aru-aru. Na daɗe a kan wani kifi mai launin kore da shuɗi, bakinsa irin na aku, yana gwaguyar murjanin, har ƙarar kana ji a cikin ruwa, ƙaras-ƙaras. Can kuma sai ya saki farin gari ta bayansa. Jagoranmu ya ce wani kaso na rairayin da muka taka daga cikin irin wannan kifin ya fito. Gaba kaɗan sai ƙasan ta yanke, ruwan ya koma shuɗi mai duhu, daga nan zurfi ne sosai. Ban wuce bakin wurin ba, kuma jagoran bai matsa wa kowa ba.

Cikin tsibirin kurmi ne mai ƙananan hanyoyin ƙafa, ƙasarsa tsohon murjani ce mai kaifi, don haka silifas ba ya yi. Akwai kukoki, akwai birai masu baƙar fuska da ke leƙen jakar abinci, akwai ƙananan tsuntsaye masu shan ruwan fure. Kunkurun teku iri biyu kan hau rairayin su yi ƙwai, amma galibi da dare, abin da muka gani sawun guda ne daga ruwa zuwa gindin ciyayi, da ramin da ta binne. Haka ma ƙatuwar kaguwar nan mai fasa kwakwa, wadda nauyinta kan kai kilo 4, da rana tana cikin rami. Duk wanda ya yi maka alkawarin ganin su a tafiyar wuni, ciniki yake nema. Akwai kuma koguna da wasu mutanen yankin ke kai wa ziyara da 'yan sadakokinsu. Wannan ba aƙidata ba ce, na leƙa daga baki na wuce. An kuma ba mu labarin wai Kyaftin Kidd, ɗan fashin teku na ƙarni na 17, ya ɓoye dukiya a nan, wanda dai zancen baka ne.

Da azahar ta yi muka yi alwala da ruwan teku. Alƙibla a Pemba arewa take, domin Makka na kusan saitinta sak, abin da kan ba mutumin Kano ko Damagaram mamaki tun da mu gabas muka saba fuskanta. Mutanen wurin suna da labarin da suka gada cewa Annabi Halliru ya taɓa bayyana ga masunta ya nemi darduma, da ba a samu ba sai ya ce tsibirin ya isa, tun da tsawonsa alƙibla ya dosa. Ba hadisi ba ne, amma ya nuna matsayin wurin a zukatansu.

Wannan matsayin ne ma ya taimaka wajen ceto shi, kuma shi ne dalilin da ya sa nake ganin ya kamata Musulmi ya taka ƙafarsa ya je. A da wasu masunta da nakiya suke su a nan. A jefa ta, kifi ya taso matacce, babba da ƙarami, murjanin da ke ƙasa ya ruguje, gidan kifin ya tafi ke nan. A 1998 gwamnatin Zanzibar ta ayyana Misali a matsayin wurin da ake karewa, amma doka kaɗai ba ta hana mai yunwa ba. Wajen shekarar 2000 ƙungiyar agaji ta CARE da wata gidauniyar Musulunci mai kula da muhalli ta Birmingham a Ingila, wadda Fazlun Khalid ya kafa, suka zauna da limamai da malaman islamiyya da shugabannin masunta. Suka ɗauko abin da mutanen suka riga suka sani: ɗan Adam halifa ne a bayan ƙasa, Allah Ya kafa ma'auni a halittarsa, ɓarna a tudu da teku aikin hannun mutane ce. Maganar ta shiga huɗuba da makarantu, masunta da dama suka ajiye nakiya. A 2005 aka shigar da Misali cikin babban yankin kariya na mashigin Pemba. Ba a kori masunta ba, an dai keɓe wani sashe da ba a su a cikinsa sam, sauran kuma ana yi da kayan da ba sa ɓarna. Na ga suna gyaran koma a inuwa, mun gaisa da sallama, ɗayansu ya nuna mini wata halitta mai hannuwa takwas da suke kira pweza, wadda ya kamo da safe. Ba zan ce komai ya gyaru ba. Akwai wuraren da karyayyen murjani ke zube fari fat, ga robobin da igiyar ruwa ke kawowa daga nesa.

Inda kamfanin ya gaza kuwa ba ƙaramin abu ba ne. Rigunan kariya ba su kai yawanmu ba, sai da muka yi magana aka aro daga wani jirgi kafin mu tashi. Biyu daga cikin tabarau ɗin ruwa na shiga ta gefensu, aka riƙa karɓa-karɓa. Ruwan shan da suka ɗauko ya ƙare tun kafin la'asar, a wurin da ba inda za ka saya. Ba su kuma gaya mana tun farko cewa kuɗin shiga da ake biyan ma'aikatan tsibirin daban yake da nasu ba. Abincin dai ba laifi, shinkafa da madarar kwakwa da gasasshen kifi da ayaba, da zafinsa.

Saboda haka kafin ka ba da ko sisi, ƙirga rigunan da idonka, gwada tabarau a fuskarka, tambayi ko kuɗin shiga na ciki, ka kuma riƙe shilin, kuɗin Tanzaniya, a hannu. Ɗauki ruwa fiye da yadda kake zato, da hula, da takalmi rufaffe. Mata za su iya shiga ruwa da cikakkiyar sutura, a Pemba shi ne ma abin da aka fi mutuntawa. A guji damina mai ƙarfi ta Maris zuwa Mayu, a kuma sani cewa daga Yuni zuwa Agusta iskar kudu kan tayar da teku, mai jin jiri a jirgi zai sha wuya. Idan nahoda ya ce yau ba fita, a bi maganarsa a ɗage zuwa gobe.