Haɗa gwiwa da wata makaranta ko koyar da ƙanne?

Ɗaliban sakandare a Yamai masu shirin gasar kimiyya sukan tambaye ni wanne ya fi.

Haɗin gwiwa yana rage tsadar kaya, domin ƙungiyoyi biyu suna iya amfani da faifan sola ɗaya, sai dai yana cin kuɗin taksi, kuma saɓani kan rabon aiki yakan taso. Koyar da yaran firamare kuwa batir, waya da ƙwan fitila sun isa, kuma wanda ya fahimtar da yaro yadda lantarki ke zagayawa, da Hausa ko Zabarmanci, tambayar alƙalan gasa ba za ta razana shi ba.

Masu ƙarancin kayan aiki su nemi abokan haɗin gwiwa. Waɗanda bayani ke ba su wuya su nufi firamare.