Hattara da mai tallan kayan faiba na gyaran babur ɗin ruwa

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah duk mai babur ɗin ruwa, wato jetsiki, ko ƙaramin jirgin faiba, wato wanda aka yi jikinsa da zaren gilas da ɗanko, musamman 'yan uwanmu na bakin Kainji da Yauri da Shiroro, a karanta wannan a tura wa na kusa. Akwai wani mutum da ke yawo a Facebook da TikTok yana tallan wai cikakken kayan da za ka gyara gangar jikin babur ɗinka da kanka a gida, ka faɗaɗa shi ka ƙara masa tsawo har ya ɗauki mutum biyar ko shida ka riƙa yin fito da shi. Wallahi ɗan damfara ne. Sunan shafinsa ba shi da amfani in faɗa don canzawa yake yi, yau wannan gobe wancan, amma salon guda ne, da kun gani za ku gane shi.

Bidiyon da yake sawa ba nasa ba ne, na wasu masu aikin jirgi ne a ƙasashen waje ya ɗauko ya ɗora muryarsa da Hausa a kai, ku duba da kyau ba za ku taɓa ganin fuskarsa tare da aikin ba. Yana cewa shagonsa na Legas, in ka ce ya ba ka adireshi ka tura wani ya gani sai ya ce ai sito ne ba a shiga. Daga nan sai kafin alƙalami, rabin kuɗi, a wani asusu mai suna daban da nasa, wai na yaronsa ne. Wasu daga alat ya shiga shi kenan ya yi bulokin ɗinsu. Waɗannan ma a ganina su suka tsira, don kuɗi kawai suka rasa. Waɗanda nake jin tsoro su ne waɗanda ya turo wa kayan ta tasha.

Ni sana'ata ke nan, aikin faiba, bamba ta mota da tankin ruwa da jirage, kuma an kawo min kayan nasa na gani da idona. Wani bawan Allah ne ya sayi tokumbo ɗin Yamaha ya biya kuɗin kayan, da abin ya ƙi sai ya kwaso ya ce Malam duba min ko ni ne ban iya haɗi ba. Na buɗe jarkar rezin ɗin, wato ruwan ɗankon da ake jiƙa faiba da shi ya daskare, warin tina ya buge ni, sama tsululu kamar ruwan wanki, ƙasa kuma ya yi gudaji ya kwanta. Tsohon kaya ne da ya riga ya fara mutuwa aka tsinka shi da tina don ya cika jarka. Rezin ɗin foliyesta ko mai kyau ne wajen wata 6 yake yi a ajiye, a zafin ƙasarmu ma bai cika kaiwa ba. Hadinar kuma, wato ruwan da ake ɗigawa a rezin don ya daskare, a kwalbar maganin tari ya zubo ta, babu takarda babu ma'auni, alhali kashi 1 zuwa 2 cikin 100 ake sawa, kuma wannan ruwan in ya fallatsa a ido yana iya makantar da mutum, yara na yawo a tsakar gida a ce an ajiye shi a kwalbar magani! Abin da ya kira tabarmar faiba ma ba ita ba ce, zaren da masu silin ɗin POP ke amfani da shi ne ya naɗe a leda. Ta gaskiya tana da awo, giram 300 ko 450 a kowace murabba'in mita, kuma a naɗe take zuwa. Facin da mai Yamahar ya yi na taɓa shi yana kama yatsa, na sa farce a gefe na ɗaga, gaba ɗaya ya taso a hannuna, ƙarƙashinsa fes ko alamar kamu babu.

To a nan ne nake so a fahimce ni, ko da a ce kayan nasa masu kyau ne aikin ba zai yi ba. Da yawa daga cikin baburan Yamaha da Kawasaki jikinsu da wani haɗi aka matse shi a inji da ake kira SMC, foliyesta na gama-gari ba ya kama shi da kyau, sai wani nau'in rezin da ake kira efoksi, shi ma sai ka goge da samfefa mai kaushi lamba 80, ka fafe bakin wurin ya yi gangare mai faɗi, ka wanke da asiton, wani ruwan sinadari mai cire maiƙo, sannan ka jera ƙyallen faiba hawa-hawa. Samfurin babur ɗin da ake kira Sea-Doo Spark kuwa jikinsa ma nau'in roba ne, rezin ba ya zama a kai. Shi wannan mutumin jarka ɗaya yake sayar wa kowa, ko tambayar wane iri ne naka ba ya yi. Kuma in ka koka sai ya ce ka cike da bodi fila ka fesa fenti, bodi filar mota da ke shan ruwa, a ƙasan abin da zai shiga kogi.

Maganar ƙara tsawo don a ɗauki mutum shida ita ta fi ɓata min rai. Mai kujera uku ma nauyin da kamfani ya yarda a ɗora masa bai kai kilo 300 ba. A ƙarƙashinsa akwai bakin da famfo ke zuƙar ruwa ya feso ta baya, da shi yake tafiya da shi kuma yake juyawa, in ka canza surar ƙasan iska na iya shiga wurin, inji ya yi ta ihu babur ya ƙi jin sitiyari. Sannan a guje ruwa dukan jikin yake yi ba wasa, facin da bai kama ba a tsakiyar kogi zai buɗe. Mu da muka ga hatsarin jirgin ruwan da ya faru a Warra ta jihar Kebbi a 2021, da yaran Islamiyya da suka rasu a hatsarin jirgin ruwa a Bagwai a ƙarshen 2021 ɗin, Allah ya jiƙansu, bai kamata wani ya zo ya koya mana lodin da ya wuce kima ba don ya ci kuɗinmu.

Akwai kuma zagaye na biyu. In aikin ya lalace sai ya kira da murya mai sanyi, Alhaji kar ka damu zan turo maka injiniya, ka sa kuɗin mota da na masauki. Babu wani injiniya da zai zo, kada a ƙara masa ko sisi.

Ban ce kar mutum ya yi gyara a gida ba, ƙaramin tsagewa ko wurin da dutse ya ɓantare ana iya yi in an san irin jikin. Amma ka sayi kaya a shagon da za ka iya komawa, ka ce a ɗiga hadina a ɗan rezin a murfin gwangwani a gabanka, mai kyau kafin rabin awa ya fara ɗumi ya daskare. Kafin ka sa girenda a tabbata an cire batir an zuƙe mai an bar murfi a buɗe, don tankin fetur a cikin jikin yake kuma tururinsa na taruwa. In an gama a ƙwanƙwasa facin da kwabo, inda ya yi ƙarar fanko bai kama ba.

Wanda ya riga ya tura kuɗi ya je bankinsa yau ɗin nan da rasit da hoton hirarsu, ya kuma kai ƙara wurin 'yan sanda ko EFCC, kar kunya ta hana. Wanda kuma ya riga ya shafa kayan nan a jirginsa, don girman Allah kar ya sa shi a ruwa, ya kai wa mai aikin faiba a kankare shi tas a sake. Sarakunan ruwa da shugabannin 'yan fito, ku taimaka ku sanar a bakin gaɓa, da yawa daga cikin waɗanda yake nema ba sa karanta irin wannan rubutun, saƙon murya yake tura musu a WhatsApp.