Injin goge kwanson harsashi a rumfar maƙerin fari

Wata bakwai ke nan da injin nan ya shigo rumfata a Agege, kuma abokan sana'a sun yi ta tambayata ko ya cancanci kuɗinsa. Na ga gara in rubuta amsar gaba ɗaya, mai buƙata ya karanta.

Ni maƙerin fari ne, gadon gidanmu ne tun daga Kano. Zobba, awarwaro, maɓallai, 'yan ƙararrawa da ƙarafunan ragama da linzami, su ne abincina. Duk wanda ya taɓa aikin tagulla ya san ƙira ba ta cin rai kamar guga. Ka zuba zobe ɗari a wuni ɗaya, amma kafin su yi ƙyallin da mai saye zai miƙo hannu, sai yara biyu sun kwana uku a kan tsamiya da toka da tsumma, yatsunsu sun yi baƙi ƙirin. Ga kuma iskar Legas mai laima da gishiri. Abin da ka goge ranar Litinin, in ka bar shi a buɗe, kafin wata Litinin ya dushe, wani har ya fara kore. A Kano ban san wannan wahala ba.

Ƙanena da ke zaune a Amurka shi ya ga yadda muke fama lokacin da ya zo ganin gida. Bayan ya koma ya aiko da injin ta hannun masu jigilar kaya. Ranar da aka sauke kwalin na ga hoton kwanson harsashi jere a jikinsa, gabana ya faɗi. Nan take na kira shi.

"Kai, me ka aiko mini haka? So kake a zo a kwashe mu?"

Ya ce, "Yaya, kwantar da hankalinka. Kwano ne da ɗan injin lantarki kawai, ba abin da ya haɗa shi da albarushi. Buɗe ka gani."

Gaskiyarsa. Kwanon roba ne mai kauri, girman akushin tuwon gida, da murfi da ake ɗaurewa da noti a tsakiya. A ƙarƙashi akwai ƙaramar mota, wato injin lantarki mai juyi irin na fanka, da aka rataya wa wani ƙarfe a gefe guda, don haka in tana juyi sai ta riƙa karkarwa, kwanon kuma yana zaune a kan sifirin. Ana cika shi da niƙaƙƙiyar totuwar masara, a zuba ƙarfen a ciki, a kunna. Totuwar sai ta riƙa hawa ta gefe tana nutsewa ta tsakiya, tana ɗauke da kayan, kamar tafasar tsaki a tukunya. Kowane ƙwaya yana ɗan gogar ƙarfen ya wuce, sau dubbai.

Ƙanen nawa ya yi mini bayanin waɗanda aka ƙera wa shi, kuma na saurara da kyau, don na ji aikinmu a ciki. A can doka ta yarda mafarauta da masu gasar harbi su sake ɗura kwanson da suka harba, har kamfanoni irin su Lyman da Hornady da RCBS suna rayuwa a kan sayar musu da kayan aikin. Abin da ya fi burge ni shi ne ko sabon kwanso fil suka saya, ba sa yarda da shi haka nan. Ana zuba su ne a jaka da yawa, a hanya suna bugun juna, bakin wasu ya lotsa. Sai mutum ya zauna ya duba su ɗaya bayan ɗaya, ya ware mai tsaga, ya daidaita baki, ya auna tsawo da ma'aunin da ke karanta kashi ɗaya cikin dubu na inci, ya kankare kaifin bakin don kada ya yi kwarzane. In kwanso ya sha amfani wuyansa ya yi tauri, sai su gasa wuyan ya dawo da laushi. Na ce masa ai wannan karatun farko ne a maƙera. Tagulla in ta sha masaba takan taurare, in ka ci gaba da duka ta tsage, sai ka mayar da ita wuta ta huce fushi. Ashe har gamin ma sananne ne: tagullar kwanso jan ƙarfe ce kashi 70, tutiya kashi 30, gamin da ke miƙewa ba ya karyewa.

A nan ƙasar kuwa wannan aiki ba namu ba ne. Dokar makamai ta 1959 ta haramta wa ɗaiɗaikun mutane ƙera harsashi, aikin hukuma ne, an kuma kafa masana'antar makamai ta gwamnati, DICON, a Kaduna a 1964. Ni ko kwanson da babu komai a ciki ba na saye. In na je kasuwar Owode Onirin neman tsohuwar tagulla, kan famfo da makullai da guntayen bututu nake tsinta. Yaran da ke kawo mini kaya sun sani, na faɗa musu tun farko, duk wanda ya haɗo da kwanso a buhu ya koma da buhunsa. Ina faɗin wannan ne don kada wani ya karanta ya ɗauka wata ƙofa nake nuna masa.

Matsala ta farko wuta ce. Injin na wutar Amurka ne, bolt 120, tamu kuwa 230 ce. Wanda ya soka shi a bango kai tsaye ya ƙona motar cikin ƙiftawar ido. Na je Alaba na sayo ƙaramar tiransifoma mai rage ƙarfin wuta, na kuma naɗe filogin da jan salatif don kada wani yaro ya manta. Ko da tiransifomar, bugun wutarmu 50 ne a daƙiƙa, tasu 60, saboda haka motar tana tafiya a hankali kaɗan kuma tana ɗaukar zafi. Nakan ba ta hutu bayan awa uku. Mai niyyar saye ya nemi wanda aka yi wa kasuwar Turai, mai bolt 230, ya huta da wannan duka. Abin daɗin shi ne ba ta cin wuta, ƙaramin janareta yana ɗaukarta tare da fanka.

Gwajin farko na yi shi da zobban ragama sittin da wani mai kula da dawaki daga Ikoyi ya kawo. Kulob ɗin folo na can tun 1904 yake, kuma yawancin yaran barga 'yan uwanmu ne, ta hannunsu nake samun aiki. Zobban sun yi baƙi, wasu da kore a lungu. Na zuba su bayan azahar. Da aka idar da la'asar na ɗaga murfi, na tura hannu cikin totuwar, ɗumi-ɗumi, na zaro ɗaya. Na ɗaga shi a bakin ƙofa, sai ga kwanon rufin maƙwabcina a jikinsa, ƙarami, a lanƙwashe. Yaron shagona ya karɓa ya juya shi, ya dubi yatsunsa da ba su taɓa komai ba, ya ce, "Maigida, to mu yanzu me za mu yi?" Na ce magagari na nan yana jiransa.

Kuma da gaske nake. Injin ba ya cire kwarzane mai zurfi, ba ya share tabon zubi, ba ya shiga cikin zane mai matsi. Abin da ka saka masa da aibi zai fito da aibinsa yana ƙyalli, har ya fi fitowa fili. Sai ka gama aikin magagari da sanfefa tukuna. Babban abu kamar likkafa ba ya juyawa a ciki, sai ya zauna a gindi yana cin kwanon. 'Yan ƙararrawa kuwa totuwa takan cushe musu baki, sai an bi su da tsinke ɗaya-ɗaya, na daina saka su. Abin da aka yi wa ruwan zinare ma kada a kusantar da shi, zai ɗauke ruwan a gefuna.

Totuwar da ta zo da shi ta yi wata biyu ta koma toka-toka, ta daina ci. Ban aika a sayo wata daga waje ba. Lokacin sabuwar masara na sa yara suka tattaro mini totuwa wajen masu gashi, muka shanya ta bushe ƙayau, aka ɓarza a injin niƙa, na tankaɗe sau biyu, na riƙe mai girman gero. Tana aiki, sai dai ta fi ƙura, don haka kullum murfi a rufe, kuma a waje muke tacewa. Da damina takan sha laima ta dunƙule, dole a ajiye ta a bokiti mai murfi. Na gwada tsakin shinkafa, yana wanke datti amma ƙyallinsa bai kai ba.

Amma abin da na fi ƙaruwa da shi ba a kwanon yake ba, a 'yar takardar da ta zo da injin yake. An yi gargaɗi kada a zuba man goge ƙarfe mai amoniya a cikin totuwar. Na tambayi ƙanena dalili, ya bincika ya karanto mini. Zamanin da sojojin Ingila ke Indiya, in damina ta sauka sukan ajiye harsasai a bargar dawaki. Da rani ya yi sai a tarar kwansuna da yawa sun tsattsage ba tare da an harba su ba. Sai a 1921 aka gano dalili: amoniyar da ke tashi daga fitsarin dawaki ce, in ta haɗu da laima, take kama tagullar da ta taurare da aiki ta tsaga ta.

Na ajiye wayar na yi shiru. Shekara da shekaru ana dawo mini da zobba da maɗaurai da suka tsage a daidai lanƙwasa, ina zargin tagullar, wani lokaci ina zargin hannuna. Mahaifina yakan ce kada a kwana da kayan doki na tagulla a barga, a shigar da su ɗaki. Bai taɓa faɗa mini dalili ba, wataƙila shi ma haka ya ji daga nasa uban. Yanzu duk abin da na lanƙwasa a sanyi sai na ɗan gasa shi kafin guga. Kuma da mutumin Ikoyi ya zo karɓar kayansa na ce masa, "Malam, ka rataye su nesa da inda dokin ke fitsari, kuma ka daina shafa musu man nan mai yaji a hanci." Wata biyar ke nan bai dawo mini da tsagagge ba.

Shawarata ga mai tambaya: in ƙananan kaya kake yi da yawa, zobba da maɓallai da sarƙoƙi masu kauri, saye shi, ko ka kai wa mai walda da mai gyaran fanka hotonsa, don ba abin da ke ciki da ya fi ƙarfin Legas. In kuwa tire da buta da manyan kwanoni kake bugawa irin na mutanen Bida, kuɗinka zai fi amfani a wajen injin buroshi. Yana da ƙara, ba mai tsanani ba, amma na shimfiɗa masa tsohuwar taya saboda tela da ke jikin bangona. Notin murfin yakan kwance da girgiza, na ƙara masa wosha ta roba.

Babbar Sallah na matsowa, kuma masu hawan Ojude Oba na Ijebu-Ode, da ake yi kwana uku bayan Sallah, sun fara aiko da kayan dawakinsu. Bara na mayar da aikin mutum biyu don ba hannun da zai goge. Bana na karɓi duka, na kuma sa an ɓarza mini totuwa buhu guda.