406 ko Camry Big Daddy: wane inji zai fi riƙe iyali a Kano?

Malam, ka ce kuɗinka ya tsaya tsakanin Peugeot 406 mai inji 2.0 da Toyota Camry ta 2002 zuwa 2006, wadda ake kira Big Daddy. Ka ce aikinta kai yara makaranta daga Rijiyar Zaki, cefanen uwargida, sai tafiya gida Azare da sallah, kana so ka san wane inji ya fi ƙarko da sauƙin riƙo. Shekara shida na yi da 406, yanzu kuma Camry ce a hannuna, don haka abin da idona ya gani zan faɗa maka.

Injin 406 da aka fi samu shi ne EW10J4, cc 1997, ƙarfin doki 136. Na Camry sunansa 2AZ-FE, cc 2362, doki wajen 157. Kowanne silinda huɗu ne da bawul 16, kuma gangar jikinsa ta alminiyom ce. Tsakanin Kabuga da Ƙofar Famfo ba za ka ji wannan bambancin ba. Sai ranar da ka cika mota da mutum biyar, but ya cika da tsaraba, ka kunna sanyi, a nan Camry take nuna fifiko. A wajen shan fetur kuwa, 406 mai giyar hannu ta fi tausayin aljihuna a cikin gari.

Babban abin da ya raba su yana ɓoye a bayan murfin gefen inji. 406 bel take amfani da shi wajen taimin, wato daidaita lokacin buɗewa da rufewar bawul, Camry kuma sarƙa. Bel roba ne, zafi da shekaru suna cin sa ko da motar a ajiye take, kuma a wannan injin idan ya tsinke ana tafiya, fistin ne zai doki bawul ya lanƙwasa su. Ya faru da ni a wajen Kwanar Dangora, da iyali a ciki, rana tsaka. Wani bel ne mai araha da ba a san inda aka yi shi ba, wani mai gyara ya sa mini ya ce duk ɗaya ne. Bai kai shekara ba. Sai da aka sauke kan inji aka canza bawul, kuɗin ya ninka na bel mai kyau sau da yawa. Tun daga nan ban yarda ya wuce kilomita 60,000 ko shekara huɗu ba, kuma tare nake canza shi da tanshona mai ɗame shi da famfon ruwa, domin bel ɗin ne yake juya famfon. Ranar da ka sayi 406, kafin ka kai ta gida a yi mata addu'a, ka fara da wannan aikin, ko da dillali ya rantse jiya aka yi.

Sarƙar Camry ba ta da ranar canji matuƙar baƙin mai yana da tsabta. Amma kada ka ɗauka ba ta da lago. Lagonta zafi. A injin waɗannan shekarun, kusoshin da suka ɗaure kan inji suna iya cinye zarensu a cikin alminiyom, musamman na baya, in motar ta taɓa yin zafi sosai. Sai ruwa ya riƙa tsatsafowa ta bayan inji, lagireto yana raguwa ba a ganin ta inda yake bi. Da yawa sai su canza gasket kawai, bayan wata biyu matsalar ta dawo, saboda kusar ba ta da abin kamawa. Maganinsa a huda a dasa sabon zare na ƙarfe, kuma ba kowane gareji ne ya iya ba. Shan baƙin mai da ake yawan faɗa ya fi yawa a Camry Muscle ta 2007 zuwa 2009, duk da haka ka riƙa zaro sandar awo duk Juma'a.

Abin da yake ci mini rai shi ne yadda muke kashe injinan nan da hannunmu. Mota ta iso daga Kwatano, abu na farko sai a cire tamostat mai daidaita zafin inji, a haɗa fanka kai tsaye, a ɗura ruwan rijiyar burtsatse, wai ƙasarmu da zafi. Ruwan nan ne yake tara tsatsa da gishiri ya toshe lagireto, sai watan Afrilu ya zo da zafin da ya haura digiri 40, kana tsaye a cunkoson Kurna, allura ta tashi. Ka sayi ruwan lagireto mai kala, ka bar tamostat a wurinsa. Da hunturu kuma ka riƙa duba filtar iska duk wata, ƙurarmu ba ta jiran lokacin sabis.

Baƙin mai: Camry 5W-30 take so, kusan lita huɗu, kuma mai kauri irin 20W-50 yana wahalar da VVT-i ɗinta, wato na'urar da take sauya lokacin buɗe bawul. 406 tana ɗaukar lita huɗu da ɗan ɗoriya, 10W-40 ya ishe ta. Ni duk kilomita 5,000 nake juye.

Ta fuskar masu gyara, 406 'yar gida ce. Kamfanin Peugeot na Najeriya, PAN, ya harhaɗa ta a Kaduna, kuma tun zamanin 504 makanikan Arewa suka san Peugeot, kayanta kuwa ga su nan a Ƙofar Ruwa, sabo da na hannu. Ciwonta lantarki ne: kwayil ɗinta guda ɗaya ne dogo da ya rufe fulogi huɗun, ga rigimar fanka, ga akwatin BSI, kwamfutar da take kula da lantarkin motar, da ba ya son a yi masa yanke-yanken waya. Sai kana da rewaya na kirki mai na'urar bincike. Camry kowane fulogi da kwayil ɗinsa, wanda ya mutu shi za ka canza.

To ga zaɓina. Tunda ka ce uwargida ma za ta riƙa tuƙawa, kuma otomatik ta iya, Camry za ka saya, domin giyar AL4 da ke zuwa a 406 otomatik ta sa mutane da yawa kuka. Da kai kaɗai ne kuma giyar hannu kake so, da 406 zan ce, saboda yadda take kwanciya a kan titi in an miƙi hanyar Wudil har yau ban samu irinsa a Camry ba.

Ranar duba motar ka je da sassafe kafin a tayar da ita. Ka buɗe murfin lagireto tana sanyi, a kunna, ka tsaya ka ga ko ruwan yana kumfa. Ka sa makanikinka ya haska bayan injin da tocila ya nemo sawun busasshen ruwa, sannan a bar ta tana aiki da sanyi a kunne minti ashirin, idonka a kan allurar zafi.