Ina Za Ku Kafa Tanti? Zaɓen Zango A Bakin Teku Idan Kana Tafe Da Iyali

Hoton da masu zango ke sakawa a intanet kusan iri ɗaya ne: tanti a kan farin yashi, rana na faɗuwa, teku ga shi nan a bakin ƙofa. Babu mai ɗaukar hoton ƙarfe biyun dare, lokacin da 'yar autarka ta tashe ka tana jin fitsari, banɗaki yana can ƙarshen zangon, tocila ta ɓuya a cikin kaya, iska kuma na kaɗa tanti kamar za ta tafi da shi. Ni da wannan sa'ar nake auna zango. Wurin da ya yi maka sauƙi a lokacin, da rana ba zai ba ka wahala ba.

Mafi araha yawanci shi ne zangon hukuma, wanda ke cikin gandun da gwamnati ke karewa. Fili wadatacce, tazara tsakaninka da maƙwabci, da dokar yin shiru idan dare ya yi. Abin da za ka samu bai wuce famfo da banɗaki ba, wani lokaci da wurin wanka na ruwan sanyi. Lantarki ba tabbas, kanti kuma yana iya yin nisa, don haka abin da ka manta a gida ka manta ke nan. Babbar matsalarsa cika da wuri. A Amurka, alal misali, da yawa daga cikin irin waɗannan wurare na gwamnatin tarayya ana buɗe kama wuri ne wata 6 kafin ranar zuwa, kuma na bakin ruwa su ake fara wawashewa. Ga iyalin da yaransu suka kai shekara bakwai zuwa sama, kuma suna da kayan zangonsu, ban ga wanda ya fi shi ba.

Zangon 'yan kasuwa kuwa kamar ƙaramin gari yake. Akwai tafkin ninkaya, da kanti, da injin wanki, da soket a gefen kowane fili, da wurin wasan yara. Mai jariri ko mai tafe da tsoho zai gane amfanin ruwan zafi da firji tun daren farko. Amma kuɗin da ka gani a talla sau da yawa na fili ne kawai da mutum biyu. Sai ka zo biya a ƙara maka na kowane yaro, da na mota, da na wuta. Ga cunkoso: igiyar tantinka na iya haɗuwa da ta maƙwabci, kiɗan da suka kunna kuma kai ma dole ka saurara. A Faransa ana ba irin waɗannan wurare tauraro 1 zuwa 5, to amma tauraron yana auna yawan kayan more rayuwa ne, ba ya gaya maka ko za ka samu barci.

Akwai kuma masu ba da hayar tanti a kafe, da gado da katifa, ko ɗan ɗakin katako. Ya fi tsada, amma idan wannan ne karonku na farko, ya fi ka kashe kuɗi kan tanti da tabarmi da risho sannan ka gano uwargida ba ta son kwanan waje. Ka gwada da na haya tukuna.

Kafa tanti a inda ka ga dama, babu zango babu kowa, shi ne abin da ke burge matasa. Da ƙananan yara ban ba ka shawara ba. Babu ruwan sha, babu banɗaki, babu mai kawo ɗauki, kuma ƙasashe da dama sun hana. Dokar Faransa ma ƙarara ta haramta kafa tanti a gaɓar teku.

Duk wannan kwatance na kan tudu ne. Abin da ya kamata ya raba gardama shi ne ruwan da ke gaban zangon, domin shi yara suka zo nema, kuma shi ne mai haɗarin. Tambayar farko: akwai masu ceto a bakin ruwan, a waɗanne watanni, daga ƙarfe nawa zuwa nawa? Wasu wuraren sai tsakiyar lokacin hutu ake kawo su. A ƙasashe da yawa suna kafa tutoci masu ja da rawaya, tsakaninsu ne ake sa wa masu wanka ido, jar tuta zalla kuma tana nufin kada a shiga. Akwai kuma shuɗiyar tuta ta shirin Blue Flag, wanda ya samo asali a Faransa a 1985. Ba a ba wuri ita sai an gwada tsabtar ruwansa an kuma duba tanadin tsaro, kuma kowace shekara ake sabuntawa. Rashinta ba ya nufin wuri ya lalace, amma samunta shaida ce mai ƙarfi.

Abin da ya fi cin mutane a bakin teku ba manyan raƙuman ruwa ba ne. Wata 'yar hanya ce da ruwan da ya bugi gaɓa ke bi ya koma ciki da ƙarfi. Mugun abin shi ne ta fi ko'ina kama da wurin lafiya: ruwan ya ɗan yi duhu, ya kwanta, babu kumfa, alhali hagu da dama raƙuma na fashewa. Uba mai neman inda ya lafa don yaransa, can zai nufa kai tsaye. Wanda ta ja kada ya yi kokawa da ita. Ya bar jikinsa ya taso, ya ɗaga hannu, in ya iya iyo ya bi gefe, daidai da tsawon gaɓa, har ya fita daga cikinta. Saboda haka zangon da ke kan lungun teku, inda ƙasa ta kare iska kuma zurfi ke ƙaruwa a hankali, ya fi wa mai yara ƙanana wanda ke fuskantar buɗaɗɗen teku, ko da na biyun ya fi kyan hoto.

Sai cika da janyewar ruwa. A yawancin gaɓoɓi ruwa na cika sau biyu cikin yini da dare, kowace rana kuma yana jinkirta da kusan minti 50, ya fi hawa sosai a tsayuwar wata da kuma daren sha huɗu. Bambancin ya danganta da wuri: a Bahar Rum da ƙyar za ka lura, a mashigin Fundy na Kanada kuwa yana kai wa mita 16. Idan ka isa, ka taka zuwa yashin ka nemi layin da ruwa ya bari, wato jerin busasshiyar ciyawar teku da guntayen itace da ɓawon katantanwa. Duk abin da ke ƙasa da wannan layin na teku ne, zai dawo ya karɓa. Na taɓa barin takalman yara da bokitin wasa taku kaɗan ƙasa da shi da yamma. Da safe ƙafa ɗaya muka tsinta.

Ko a cikin zango ɗaya, fili ya fi fili. Sahun gaba, mai kallon ruwa, shi ya fi tsada, kuma a ganina shi ya fi wahala. Da rana iska na tasowa daga teku ta yo tudu, tana ƙaruwa bayan azahar, ta cika maka kwano da shimfiɗa da yashi. Gishirin da take ɗauke da shi yana cin zif da ƙarfen tanti. Inuwa babu, daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma kuwa rana ba ta da wasa, ga yashi da ruwa na maido da haskenta. Kuma yaro ɗan shekara uku da ya riga kowa tashi, taku nawa ne tsakaninsa da ruwa? Bayan tudun yashi, ƙarƙashin itatuwa, tafiyar minti biyar zuwa gaɓa, nan ne wurin iyali. Tudun da kansa ba a hawa sai ta hanyar da aka tanada, don saiwar ciyawar da ke kansa ce ke riƙe yashin. Ka dai duba taswira kada bayanka ya zama fadama ko kwantaccen ruwa, domin can sauro yake. Kusa da banɗaki yana da kyau, amma ba jikinsa ba, in ba haka ba ƙarar ƙofa da hasken fitila za su kwana da kai.

Ka tambayi irin ƙasar filin. Siraran turakun da ke zuwa da tanti ba sa kama yashi, iska ɗaya ta tuge su. Ana buƙatar masu faɗi da tsawo, ko ka cika buhu da yashi, ka ɗaura masa igiya, ka binne. Ka tambayi ko an yarda a hura wuta, da inda aka ware don girki. Ko da ruwan sama ya tsuge, kada gawayi ko risho ya shiga cikin tanti: hayaƙin da ba ya wari, ba a kuma ganinsa, yana kashe mutane cikin barci.

Kafin ka tura kuɗi, ka kira su da baki. Nawa ne jimilla da yara da mota? Idan hadari ya hana zuwa, ana maido da kuɗi ko sai dai a sauya rana? Asibiti mafi kusa minti nawa ne, kuma waya na kamawa a wurin? Ruwan famfon na sha ne? Mota na shiga tsakanin tantuna da dare? Sannan ka karanta abin da waɗanda suka kwana a watan da kake shirin zuwa suka rubuta, musamman masu ƙorafi, ka ga ko bakinsu ya zo ɗaya kan banɗaki. In da hali, ka ce a ba ka lambar filin da taswirar zangon, ka auna da yatsa daga tantinka zuwa famfo, zuwa banɗaki, zuwa ruwa.