Albashin awa a Amurka da na wata a Legas, amsar tambayar Yaya

Salam Yaya, ya gida ya su Hajiya, ya kasuwa, da fatan tumatir ya ɗan sauko a Mile 12. Na saurari saƙon da ka turo kan gardamar da kuke ta yi a majalisarku ta bayan isha'i a Agege, wai a Amurka ko shara mutum yake yi kuɗin awa ɗaya ya fi albashin sati na ƙaramin ma'aikacin Alausa, wato sakatariyar gwamnatin jihar Legas. To da gaskiya a maganar, amma rabinta aka kawo muku, ga sauran.

Da farko dai babu wani abu wai shi albashin Amurka guda ɗaya. Gwamnatin tarayya tana da nata mafi ƙarancin, dala 7.25 a awa, kuma tun 2009 yana nan inda yake ko motsi bai yi ba, don sai majalisar dokoki ta amince kafin a ƙara, su kuwa kullum cikin ja-in-ja suke. Dokar ma tsohuwa ce, tun 1938 aka yi ta, lokacin santi 25 ne a awa. Abin da tarayya ta ce kawai shi ne kar a yi ƙasa da wannan, daga nan kowace jiha ta ɗora nata, kuma wanda ya fi yawa shi ma'aikaci zai karɓa. Nan birnin Niyok inda nake dala 16.50 ne a 2025, ya koma 17 a 2026, amma cikin jihar ɗaya in ka nausa can arewa wajen Buffalo sai ka tarar ya gaza haka da dala guda. Ka tsallaka Pennsylvania, tafiyar da ba ta kai Legas zuwa Ilorin ba, har yanzu 7.25 ɗin nan ne. Aiki iri ɗaya, tsintsiya iri ɗaya.

Abin da ya fi ba ni mamaki ma birane ne. Seattle ta yanka nata ya haura dala 20. Ka ɗauka kamar a ce ciyaman ɗin Agege da kansilolinsa su zauna su ce daga yau duk mai shago ko kamfani a yankinmu ga abin da zai biya yaronsa, kuma a bi. Amma fa ba ko'ina ba, a Teksas jiha ta hana birane yin haka, a Alabama kuwa birnin Birmingham ya ƙara nasa zuwa 10.10 a 2016, majalisar jihar ta yi wuf ta soke. Wani wurin kuma talakawa ne da kansu, kamar Fulorida da aka kaɗa ƙuri'a a 2020 aka ce a riƙa hawa a hankali har a kai 15.

Mu kuma a gida ka san yadda ake yi, Abuja ce ke da wuƙa da nama a maganar. Kwamiti ya zauna da gwamnati da masu kamfanoni da 'yan ƙwadago, a yi ta ciniki, su Ajaero, shugaban ƙungiyar ƙwadago ta NLC a lokacin, suka faro daga naira dubu 615 a wata, aka yi yajin aikin nan na Yunin 2024 har aka kashe wutar ƙasa baki ɗaya, ƙarshe Tinubu ya sa hannu kan dubu 70 a Yuli. Kafin nan dubu 30 ne na Buhari a 2019. Sai gwamnan Legas Sanwo-Olu ya ce shi dubu 85 zai biya, Kano ta ce 71. To a nan ne mutanenmu suke ruɗewa, dubu 85 ɗin nan gwamna ya faɗa ne a matsayinsa na uban gidan ma'aikatansa, ba doka ba ce da ta hau kan mai gidan burodi ko mai otal. Dokar tarayyar ita kanta ta cire duk wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Yanzu dan Allah Yaya ka ƙirga 'yan uwanmu da ke Legas, masu gadi a Lekki da Ikoyi, masu dako a Mile 12, yaran mahauta a abatuwa ta Oko-Oba, masu tura ruwa, yaran masu shayi, waye a cikinsu wannan lambar ta taɓa shafa? Maigadi abin da madam ta ga dama shi ne albashinsa, in ya yi magana a ce ai ga ɗaki an ba shi kyauta.

Nan kuwa ko mutum ɗaya ka ɗauka aiki a shagonka dokar ta hau kanka, kuma dole ka manna takardar a bango inda ma'aikaci zai gani. Masu kai abinci a keke ma, da yawansu 'yan Afirka ta Yamma ne irinmu, birni ya sa musu nasu farashin daban tun 2023, a 2025 ya kai 21.44 a awa. Ni a ganina wannan ne ainihin bambancin, ba yawan kuɗin ba.

Don yawan kuɗin yaudara ce wallahi. In ka buga dala 16.50 ɗin 2025 a kan naira 1,500 duk dala za ka ga kusan dubu 25 a awa, kai ya yi ta juyawa. Amma awa 40 a sati dala 660 ne, tun kafin ta shigo hannunka an zare harajin tarayya, na jiha, har da na birni. Sai haya. Ɗaki ɗaya nake ciki a Bronx, bayi da kicin na haɗaka da wasu 'yan Gana biyu, abin da nake biya duk wata ya kusa cinye aikin sati biyu, kuma ranar ɗaya ga wata ba a san wani a yi haƙuri Alhaji ba. Sauƙinta dai wata-wata ake biya, ba irin Legas da za a ce ka kawo na shekara ga kuɗin ejan ga na agirimen a lokaci guda ba.

Abinci kam in dai kai za ka dafa akwai sauƙi, shinkafa, mai, kaza, aikin awa biyu ko uku zai cika maka leda ta kwanaki, abin da mai dubu 70 ba zai ko yi mafarki ba tunda akwai lokacin da buhun shinkafa kaɗai ya haura albashin nasa. Amma duk abin da hannun mutum zai taɓa maka to ka shirya. Aski da za ka yi a Agege da canjin aljihu, nan sai ka ba da fiye da aikin awa guda kuma ka ɗora tukwici a kai. Tela, makaniki, mai gyaran famfo duk haka, shi ya sa na sayi injin aski muke yi wa juna. Doya da manja da daddawa a shagon 'yan Afirka kuwa sai ka rantse da zinare aka auna su. Jirgin ƙasa dala 2.90 ne duk nisan da za ka je a 2025, dare da rana yana aiki, wuta ba a ɗaukewa balle ka sayi man janareto, ruwa na zuwa har da na zafi. Asibiti ne abin tsoro, in ba ka da inshora ciwon haƙori ma sai ka yi ta addu'a ya lafa da kansa, babu kemis ɗin da za ka shiga ka ce a haɗa maka.

Kuma kar a ce nan ba a cuta. Wanda ba shi da takardu wasu masu shagon a hannu suke biyansa ƙasa da doka, duk da cewa a Niyok dokar ta rufa har da shi, tsoro ne ke hana shi kai ƙara. Na ga yaran da suka shigo ta Meziko suna wankin mota daga safe har dare a haka. Don haka maganar Auta da ka ce yana son sai da babur ɗinsa ya biyo wannan hanyar, a ce masa ya dakata tukuna, zan kira shi ranar Lahadi mu yi magana in sha Allah. A gaida Hajiya da yara, saƙonta zai shigo ta hannunka ƙarshen wata.